Na Rubuta Umarni, Amma Sai Kira Ake Yi

Tambaya: Malam, na rubuta takardar yadda ake haɗa na'urar intanet ta gida, amma masu saye sai bugo waya suke yi suna tambayar abin da ke rubuce a ciki. Ina gizo ke saƙar?

Amsa: Ɗan'uwa, kai ka san aikin, shi ya sa idonka ba ya ganin giɓin. Nemo wanda bai taɓa haɗa irinta ba, ka miƙa masa takardar, ka koma gefe ka kame bakinka. Wannan kame bakin shi ne mai wuya, don za ka ji kamar ka fizge na'urar. Ka ce ya riƙa faɗin abin da yake tunani a fili.

Za ka ga ya riƙe wayar haɗin yana jujjuya akwatin na'urar, saboda ka rubuta "sa wayar a rami", alhali ramuka biyar ne a baya. To, faɗi launin ramin, ka ce har sai ya ji ta yi ƙas.

Ba sai ka tara jama'a ba. A 2000 Jakob Nielsen, masanin sauƙin amfani da shafukan intanet, ya nuna cewa gwaji da mutum biyar kan tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafin intanet. Ka gyara, sannan ka gwada da wasu sabbi, don na farko sun riga sun haddace hanya.