Game da kalmar "foul": ƙazanta ce ko ƙeta?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko "foul" da ake faɗi a filin ƙwallo ita ce wadda ka gani a cikin "foul smell", ko kuwa kalmomi biyu ne da suka yi kama. Kalma ɗaya ce, kuma na daɗe ina fama da ita a aji, domin na yi shekaru ina koyar da Turanci a makarantar sakandare.

Asalinta a tsohon Turanci tana nufin abin da ya ruɓe ko ya ƙazanta, kuma daga tushenta ne kalmar "filth" ta fito. Har yau Jamusawa suna da 'yar'uwarta, "faul", wadda suke faɗi ga ruɓaɓɓen abu, su kuma faɗa wa malalacin mutum. Saboda haka ma'anar ƙazanta ita ce uwa, ta karya doka kuwa daga baya ta biyo. Wannan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba, tunda mu ma muna cewa rikici ya ƙazanta, ko ɗan kasuwa ya ci ƙazamar riba, alhali babu dauɗar da ido yake gani a wurin.

Sai dai ka lura cewa ta fi "dirty" nauyi ƙwarai. Rigar da ta yi ƙura a hanyar kasuwa ba a kiranta "foul". Ana ajiye kalmar ne ga abin da yake tayar da zuciya, kamar ruwan kwata da ya kwana uku bai gudana ba, ko mushen da aka yar a bayan gari. A nan Hausa ta fi Turanci rarrabewa, don muna da ɗoyi, da wari, da ƙarnin kifi, da zarnin fitsari, kuma Bature yana iya tattara su duka ya ce "foul smell". Idan za ka mayar da ita Hausa, sai ka fara tambayar kanka mene ne yake warin.

A wasanni kuwa, ita ce kishiyar "fair", wato abin da aka yi bisa adalci. Dokokin ƙwallon ƙafa guda 17 ne, kuma ta 12 ce take magana a kan "fouls", irin su sa ƙafa, turewa, riƙe riga da taɓa ƙwallo da hannu da gangan. Masu sharhi a rediyo sukan ce an yi wa ɗan wasa ƙeta, yaran unguwa kuma su ce fawul, kuma a ganina ƙeta ta dace, domin tana ɗauke da cutarwar da ke cikin aikin. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne satar gida ba "foul" ba ce. Tana ƙarƙashin doka ta 11, laifi ne dai amma ba a cuci jikin kowa ba. Ba kuma kowace ƙeta ce take jawo kati ba, kuma katunan kansu, na gargaɗi da jan, sai a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko aka fara amfani da su. A ƙwallon kwando ana ƙirga wa kowane ɗan wasa nasa, idan ya kai shida a gasar NBA ta Amurka sai ya bar fili.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne "foul play". Wata rana na ba 'yan aji shida labarin jarida su fassara, wanda a cikinsa aka tsinci gawar wani mutum a ɗakinsa, aka ce 'yan sanda "suspect foul play". Wani yaro mai ƙoƙari ya rubuta cewa 'yan sanda suna zargin an yi ƙeta a wasa, har ya tambaye ni wace ƙungiya marigayin yake bugawa. Ma'anar ita ce suna zargin da hannun wani a mutuwar, ba ajali ne na Allah da Annabi ba. Haka nan "foul language" ashar ce da batsa, "foul mood" baƙin rai ne, "foul weather" kuma mummunan yanayi na iska da ruwa. Idan aka ce mutum ya "fall foul of the law", to ya saɓa wa doka har ya shiga hannun hukuma, kuma wannan salo ne na rubutu, ba kasafai ake jin sa a hira ba.

Akwai kuma "fowl", wato kaza da danginta, wadda ake furtawa daidai da "foul" ba tare da wani bambanci ba, kuma da yake a Turancin Najeriya "fowl" ta zama gama-gari wajen kiran kaza, hannun ɗalibi yakan ruga gare ta. Na taɓa duba takardar wata yarinya da ta rubuta cewa alƙalin wasa ya busa usur saboda "fowl". Na zagaye kalmar da jan biro, na rubuta mata a gefe cewa ta gaya mini ko zakara ne ya shigo filin ko kaza.