Shin littafin dubawa yana da sauran amfani ga mai gina shafukan intanet?

Tambaya: Malam, shekara uku ke nan ina gina wa 'yan kasuwa da makarantu shafukan intanet da PHP da JavaScript, kuma duk abin da ya shige mini duhu a intanet nake nemo amsarsa, ko kuma in tambayi ChatGPT. Wani abokin aikina ya matsa mini in sayi manyan littattafan nan da ake ajiyewa a kan tebur ana dubawa, ni kuwa ina ganin tsadarsu ta yi yawa, ga shi ana cewa kafin littafi ya fito daga maɗaba'a abin da ke cikinsa ya tsufa. Shin akwai sauran amfani a tattare da su ga wanda ya riga ya shiga aiki?

Amsa: Akwai amfani, ɗan'uwa, amma ba kowane littafi ba, kuma maganar tsufan da ka ji tana da ƙamshin gaskiya. Ilimin wannan sana'a kashi biyu ne: akwai wanda yake sauyawa duk shekara, akwai kuma wanda ya daɗe a zaune daram. Kayan aiki irin su React da Laravel, wato shiryayyun manhajojin da ake ɗora ginin shafi a kansu, suna cikin kashin farko. Littafin React da aka rubuta kafin watan Fabrairun 2019 bai san salon rubutun da galibin masu aiki suke bi yanzu ba, AngularJS kuwa, wanda aka taɓa cika kantuna da littattafansa, masu shi sun daina kula da shi tun farkon 2022. A nan shafin da masu manhajar suka tanada da kansu ya fi kowane littafi, kuma ban ga dalilin da zai sa ka kashe kuɗinka ba. Kashi na biyu shi ne SQL, harshen da ake tambayar ma'ajiyar bayanai da shi, wanda aka daidaita ƙa'idarsa tun 1986, da tsarin HTTP da ake aika shafuka da shi a intanet, da Git mai adana tarihin gyare-gyaren aiki, da kuma ainihin nahawun harshen da kake rubutu da shi. Littafi mai kyau a kan waɗannan yana iya yin shekara goma a kan teburinka yana biyan kuɗinsa.

Dalilin da ya sa na fi ƙarfafa kashi na biyu shi ne, bincike a intanet yana amsa tambayar da ka yi ne kawai, alhali babbar ɓarna tana zuwa daga abin da ba ka ma san ya kamata ka tambaya ba. Ɗauki shafin makaranta da kake haɗa teburin ɗalibai da teburin biyan kuɗi a ma'ajiyar bayanai. Idan ka yi amfani da INNER JOIN, umarnin SQL da yake kawo abin da ya bayyana a tebura biyun kaɗai, duk ɗalibin da bai taɓa biyan ko sisi ba zai ɓace daga jerin, kwamfuta kuma ba za ta nuna maka kuskure ko ɗaya ba, domin abin da ka umarce ta shi ta yi. Shugaban makaranta zai duba ya ga babu waɗanda ake bi bashi da yawa, sai ƙarshen zango lissafi ya ƙi haɗuwa. Wanda ya taɓa zama ya karanta babin JOIN daga farko zuwa ƙarshe ya san cewa LEFT JOIN, wanda zai kawo kowane ɗalibi ko bai biya ba, ake buƙata a nan, ya kuma san cewa ba a gwada gurbin da babu komai a cikinsa da alamar daidai, sai da IS NULL. Haka nan idan ka tara 0.1 da 0.2 a JavaScript, amsar da za ka samu ita ce 0.30000000000000004, shi ya sa masu ƙwarewa suke ajiye kuɗi da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba maimakon naira mai ɗigo. Babu wanda yake neman wannan a intanet sai bayan rasit ɗin wani ya fito da gyara.

Akwai wani misalin da ya shafe mu kai tsaye. MySQL, wato manhajar ma'ajiyar bayanai, ya daɗe yana ajiye rubutu da tsarin haruffa na latin1 idan ba a sauya masa ba, sai a fitowa ta 8.0 a shekarar 2018 aka mayar da shi utf8mb4. Haruffanmu masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, ba sa cikin latin1, don haka suna irin Ɗanladi yakan iya komawa alamar tambaya a tsohuwar ma'ajiya. Shafi biyar na babin tsarin haruffa sun isa su raba ka da wannan ciwon kai har abada.

Amma fa tsohon littafi yana iya cutarwa fiye da rashin littafi, musamman irin na hannu da ake shimfiɗawa a bakin titi da araha. Littattafan PHP da yawa na shekarun 2000 suna koyar da mysql_query, tsohon umarnin aika tambaya zuwa MySQL, suna kuma manna abin da mai ziyara ya rubuta kai tsaye a cikin umarnin SQL. An cire waɗannan umarnai baki ɗaya a PHP 7 da ya fito a watan Disambar 2015, wannan kuwa shi ne ƙaramin laifinsu, domin wancan salon manna rubutu shi ne ƙofar da ɓarayi suke bi su shiga ma'ajiya ba tare da kalmar sirri ba. Saboda haka kafin ka biya, buɗe shafin farko ka duba shekarar bugu. Na JavaScript da ya girmi 2015 ka bar wa mai shi, tunda a shekarar ce let da const da Promise suka shigo harshen. Na CSS, harshen tsara kamannin shafi, kuma idan ya girmi 2017 da wuya ya yi wa Grid, wato tsarin jera abubuwa a kan shafi, bayanin kirki. Sannan ka leƙa fihirisar da ke bayan littafin ka nemi wata matsala da ta taɓa hana ka barci. Idan ka same ta cikin minti guda, kuma bayanin ya faɗi dalili ba umarni kaɗai ba, to littafin ya cancanci kuɗinsa.

Game da tsada, ba duka ake saya ba. Pro Git na Scott Chacon da Ben Straub kyauta ne a intanet da izinin marubutansa, haka ma Eloquent JavaScript na Marijn Haverbeke, kuma shafin DevDocs yana ba ka damar sauke bayanan harsuna da dama ka riƙa dubawa ko da data ta ƙare. Idan za ka sayi guda ɗaya na takarda, ni da SQL zan fara, domin a aikin makarantu da shaguna irin naka, a ma'ajiyar bayanai ne kuskure ya fi daɗewa a ɓoye kafin a gano shi. ChatGPT kuwa ka ci gaba da tambayarsa, sai dai ka sani ya koyi sana'ar ne daga tsofaffin rubuce-rubuce da sababbi a gauraye, kuma da murya ɗaya yake kawo maka duka biyun.