Filin Masu Karatu: Ashe Ba Ta Auri Yariman Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara tara ta haddace kartun ɗin yarinyar nan mai jelar kifi, The Little Mermaid. Ƙanina malamin adabi ya ce wai a asalin labarin ba ta auri yariman ba. Haka ne? In faɗa mata ko in ƙyale ta?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ƙaninki ya faɗi gaskiya. Hans Christian Andersen, mutumin Denmark, shi ya wallafa labarin a 1837. A nasa, sai da mayyar teku ta yanke wa yarinyar harshe kafin ta samu ƙafafu, kuma duk takun da ta yi ji take kamar kan kaifin wuƙa ta taka. Yarima ya auri wata. Yayyenta suka kawo mata wuƙa, suka ce in ta kashe shi za ta koma ruwa ta rayu. Ta tsaya a kansa yana barci, ta jefar da wuƙar, ta faɗa teku ta zama kumfa, daga nan ta tashi sama cikin wasu ruhohi. Kamfanin Disney kuwa a 1989 ya mayar mata da muryarta, aka ɗaura aure.

Sassauta tatsuniya ba a fim aka fara shi ba. 'Yan'uwan nan Grimm na Jamus, masu tattara tatsuniyoyi, a bugun littafinsu na 1812, a tatsuniyar wata yarinya mai suna Snow White, uwar da ta haife ta ce ke neman ranta. A 1819 suka mai da ita matar uba. Fim ɗin Snow White na Disney na 1937 ya cire wurin da aka sa matar uban, wato sarauniya, rawa da takalman ƙarfe masu zafi har ta mutu, kuma wannan kam ban yi kewarsa ba.

Na 'yar ruwan ne ke ci mini rai. Abin da aka cire shi ne ranar da ta samu damar cutar da mutum don ta tsira, ta ƙi. Fim ya bar wa yara soyayya da waƙa, ya ɗauke wannan.

Ki faɗa mata. Yaran da suka ji wahalar 'yar bora a bakin kakanninsu za su iya ɗaukar wannan. Ke kina da abin da talabijin ba ta da shi, domin kina ganin fuskarta. In ta tsorata, ki tsallake yankan harshen, amma wuƙar nan kada ki tsallake ta. Idan kin zo wurin ki dakata, ki tambaye ta me za ta yi da ita ce.