Tambayoyin Masu Karatu: Za a iya zaga birnin Edinbara da ƙafa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan fansho ne daga Ƙofar Ƙaura a cikin birnin Katsina. A watan Yuli, in Allah ya yarda, ni da mai ɗakina za mu je Birtaniya bikin kammala karatun 'yarmu, kuma ta tsara mana kwana biyu a Edinbara, babban birnin Sikotland. Ta ce ba a bukatar mota, da ƙafa ake zaga garin. Mai ɗakina tana fama da ciwon gwiwa, ni kuma damuwata salla da abinci. Shin haka maganar yarinyar nan take?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kai ku lafiya. Maganar 'yarku gaskiya ce, amma da saura. Wuraren da baƙo yake zuwa gani suna kusa da juna, sai dai an gina garin ne a kan tudu da kwari, saboda haka abin da zai raba Hajiya da wahala shi ne ku san ta inda za ku faro. Ku ɗauki tasi da safe ya sauke ku kusa da ƙofar tsohuwar fadar da ke kan dutse, wadda za ku gani a alluna da sunan Edinburgh Castle, daga nan ku riƙa gangarowa. Mai ciwon gwiwar da ya faro daga ƙasa ya nufi sama, kafin ya kai rabi garin ya fita daga ransa.

Ku sa 'yarku ta sayi tikitin shiga fadar ta intanet tun kafin ranar, domin a wannan lokaci na shekara yakan ƙare. Cikin fadar ma hawa ne, amma akwai motar da ke kai masu larura sama idan an nema. A can za ku ga kambin sarautar Sikotland da wani ɗan ƙaramin coci na ƙarni na 12, wanda shi ne gini mafi daɗewa a garin. Da ƙarfe 1:00 na rana kuma ana harba igwa kullum in ban da Lahadi, al'adar da aka fara a 1861 domin jiragen ruwa su daidaita agogonsu. Ku sanar da Hajiya tun da wuri don kada ta firgita.

Titin da ya gangaro daga fadar shi ne Royal Mile, tsawonsa kusan kilomita 1.8, kuma gangarensa mai sauƙi ne. A nan nake so ku tafi a hankali, kuna ɗaga kai. Bayan da Ingila ta ci Sikotland da yaƙi a Flodden a 1513, har sarkin Sikotland James na Huɗu ya mutu a fagen daga, mutanen garin sun ƙarfafa ganuwa saboda tsoron hari. Bakatsine ba ya bukatar a faɗa masa amfanin ganuwa, amma ta Katsina ta kewaye fili mai yalwa har da gonaki, ita kuwa tasu ta matse su, sai suka koma ɗora gini a kan gini har wasu gidajen suka kai hawa goma, mai hali da talaka suna bin matakala ɗaya. Tsakanin gidajen akwai lunguna sirara, wasu da ƙyar mutum biyu za su jera, kuma da yawansu matakala ce mai tsayi take gangara da su zuwa kwari. Ku leƙa, ku ɗauki hoto, amma kada ku bi su da Hajiya. Haka kuma kada ku amince da taswirar waya ido rufe, domin takan nuna tituna biyu sun haɗu alhali ɗaya gada ce da ta bi ta saman ɗayan, kamar yadda South Bridge ta ƙetare titin Cowgate.

Ba na ba ku shawarar ku gama titin a rana ɗaya. Idan kun iso mahaɗar South Bridge, ku yi dama, tafiyar kamar minti goma za ta kai ku Babban Masallacin Edinbara da ke Potterrow, wanda aka buɗe a 1998, daidai lokacin Azahar, wadda a Yuli take shiga bayan ƙarfe 1:00. Unguwar cike take da wuraren cin abinci na halal, musamman a titin Nicolson. A otal kuwa ku kula da karin kumallo, domin akwai wani baƙin abu da ake yanka shi zagaye-zagaye wanda da jini ake yin sa, sannan ko soyayyen kifi ne ku tambaya, tunda wasu da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma shi. Bayan salla ku shiga gidan tarihi na ƙasa da ke titin Chambers, kusa da masallacin. Shiga kyauta ne, akwai kujeru da na'urar hawa bene, kuma a can aka ajiye Dolly, tunkiyar da masana suka samar a 1996 daga ƙwayar halittar wata tunkiya. Jami'ar da ke maƙwabtaka da masallacin ma tana da alaƙa da ƙasarmu: a can Walter Oudney, Bature mai yawon binciken ƙasashe, ya karanta likitanci, wanda ya rasu kusa da Katagum a 1824, a shekarar da abokin tafiyarsa Hugh Clapperton ya biyo ta Katsina bayan ganawarsa da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Lokutan salla su ne za su fi ba ku mamaki. A farkon Yuli rana takan fito wajen 4:30 na safe, ba ta faɗuwa sai kusan 10:00 na dare, Isha kuma sai bayan 11:00. Ku karɓi jadawalin masallacin, kuma kafin ku tashi ku tuntuɓi malaminku game da kasaru da haɗa salloli.

Rana ta biyu ku ƙarasa ƙasan titin zuwa majalisar dokokin Sikotland, wadda aka buɗe gininta a 2004, da fadar Holyroodhouse, masaukin Sarkin Ingila idan ya zo ƙasar. Ana rufe ta ga baƙi idan yana ciki, kuma hakan yakan faɗo a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, don haka a bincika. Dutsen Arthur's Seat mai tsayin mita 251 da ke bayanta ku bar wa 'yarku. Daga nan ku hau bas zuwa Sabon Gari, wanda aka tsara a 1767 da tituna miƙaƙƙu, ku huta a lambun Princes Street, inda ake hango tsohuwar fadar da ke kan dutse daga ƙasa.

Ku tanadi rufaffen takalmi mai riƙe ƙasa, domin duwatsun da aka shimfiɗa a titunan suna da santsi idan an yi ruwa. Rigar ruwa ta fi lema amfani saboda iska, kuma yawanci zafi ba ya wuce digiri 20. Motoci suna bin hannun hagu ne, don haka dama za ku fara dubawa kafin ku tsallaka titi.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce daga Daura, kuma a Agusta kaɗai nake samun hutu. Ya dace in je Edinbara a lokacin?

AMSA: Malama, Agusta watan bukukuwan wasanni da kaɗe-kaɗe ne da garin yake yi tun 1947, saman Royal Mile yakan cika har tafiya ta gagara, kuɗin masauki kuma yakan yi tashin gwauron zabi. Idan ba yadda za ki yi da hutun, ki kama masauki watanni kafin lokacin, ko ki sauka a Glasgow ki riƙa shigowa da jirgin ƙasa, tafiyar kusan awa ɗaya, kuma ki fito zaga tsohon gari tun 8:00 na safe kafin jama'a su cika titi.