Ƙaramin kwale-kwalen jirgi da injinsa: wanne ya dace?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina mun sayi jirgin ruwa mai tafiya da iska, tsawonsa mita 11. Muna shirin doguwar tafiya a wurare masu zafin rana, kuma yawanci za mu riƙa jefa anga nesa da gaɓa. Wane irin ƙaramin kwale-kwale za mu saya na zirga-zirga zuwa tudu? Wani ya ce kada mu kuskura mu sayi inji ƙasa da mai ƙarfin doki 15.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Wanda ya ba ka shawarar doki 15 bai yi ƙarya ba, sai dai bai tambaye ka abu biyu ba: ina za ka ajiye kwale-kwalen idan za ku ƙetare teku, kuma wa zai riƙa ɗaga injin?

Inji mai doki 15 na zamani, irin wanda ba a gauraya masa fetur da baƙin mai, nauyinsa ya haura kilo 40. Ka ƙaddara kana tsaye cikin kwale-kwalen roba, igiyar ruwa na ɗaga ka tana saukewa, kana ƙoƙarin miƙa wa maiɗakinka wannan nauyi zuwa bayan jirgi. A nan ake rasa yatsu, a nan inji ke faɗawa ruwa. Mai doki 2.5 kuwa bai fi kilo 13 zuwa 17 ba, da hannu ɗaya ake ɗaukarsa. Mai doki 6 yana wajen kilo 25. Idan jirginku na da ƙarafunan rataye kwale-kwale a baya, ko ƙaramin kuren ɗaga inji, to ka sayi babban hankali kwance. In babu, ka haɗa su tukuna ko ka haƙura da ƙarami.

Amfanin babban inji shi ne ya ɗaga kwale-kwalen ya riƙa zamiya a saman ruwa maimakon ya yi ta tura shi da ƙirji. Ga mutum biyu da jarkokin ruwa a kwale-kwale mai tsawon mita 3, da wuya hakan ta samu da ƙasa da doki 8 zuwa 10. Tsaka-tsakin nan, doki 5 ko 6, ni ban cika so ba: ga nauyi, ga shi ba ya ɗaga mutum biyu da kaya. Kafin komai, duba ɗan allon da ke manne a bayan kwale-kwalen, an rubuta iyakar ƙarfin injin da zai ɗauka, kada ka wuce shi. Yawancin ƙananan kwale-kwalen nan inji mai gajeriyar ƙafa suke so, wato wanda sandarsa mai sauka cikin ruwa take da tsawon inci 15.

Shi kansa kwale-kwalen, tunda a anga za ku zauna, na fi son na hurawa mai ƙasan alminiyum ko faiba. Yana yanka ruwa da kyau, kuma kana iya jansa kan yashi da tsakuwa ba fargabar hujewa. Aibinsa ba ya naɗuwa, don haka ɗauki tef ka auna filin da ke gaban jirgin, inda za ka kifa shi ka ɗaure. Mai naɗuwa yana shiga akwatin ajiya, amma za ku sha jiƙa idan iska ta taso. Jan kwale-kwale a baya da igiya cikin buɗaɗɗen teku kuwa, ka manta da shi. Sai ya kife ko igiyar ta tsinke da dare.

A kan robar kada ka yi rowa. PVC ta fi arha da sauƙin nauyi, amma zafin rana na cinye ta, sai ta fara danƙo, gam ɗin ya saki. Wadda ake kira Hypalon ta fi jure rana nesa ba kusa ba. Kamfanin DuPont ya daina yin ta a 2010, shi ya sa yanzu za ka ga an rubuta CSM, abu ɗaya ne.

Injin lantarki irin na Torqeedo ko ePropulsion, mai kilowat 1, yana aikin mai doki 3. Ba wari, ba kafireto mai toshewa saboda tsohon fetur, amma cajinsa daga batirin jirginku zai fito. Da ni ne ku, zan ɗauki mai ƙasan alminiyum na mita 2.7 zuwa 3 da inji mai doki 9.9, in haɗa kuren ɗagawa. Ka zaɓi samfurin da ake samun kayan gyaransa ko'ina, kamar Yamaha ko Tohatsu. Filafilan tuƙi su zauna a ciki kullum, igiyar kashe inji kuma, wadda ke kashe shi idan ka faɗa ruwa, tana ɗaure a hannunka duk lokacin da inji ke aiki. Ka sayi sarƙa da kwaɗo ma, don ɓarayin bakin ruwa inji suke nema.