Kangon mahaƙar kwal ta Whitehaven: ashana na iya gwada iskar tsohon rami?

Tambaya: Ina karatu a arewacin Ingila. Mun je Whitehaven, muka hango kangon mahaƙar Saltom a bakin teku. Yanzu abokaina sun dage sai mun shiga wani tsohon rami da suka gano, wai in aka ƙyasta ashana ta ci, to iska lafiya lau. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗan'uwa, gara da hankalinka bai kwanta ba. Kada ka shiga.

Saltom da ka hango, a 1729 aka fara haƙa ta, ita ce ta farko a Ingila da ta bi kwal har ƙarƙashin teku, aka rufe ta a 1848. Ta ƙarshe a garin, Haig, sai 1986 ta daina aiki. Ka ga ƙasan garin duk kogo ne.

Maganar ashanar nan kuwa na gaji da jin ta, kullum sai wani ya kawo min ita kamar ilimi. Kwal ɗin Whitehaven ya yi ƙaurin suna da iskar mitan. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma da ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a iska, tartsatsi ɗaya ya isa. Fashewa da gobara suka ci mutum 136 a ramin Wellington a 1910, aka rasa 104 a ramin William a 1947. Waɗannan ƙwararru ne, masu fitilar kariya, ana kuma hura musu iska. Yau babu mai hurawa. Wato ashanar da za ku gwada da ita, ita ce kunamar.

Ko babu mitan, akwai matacciyar iska. Katako na ruɓewa, kwal da ƙarfe na shanye oksijin, iska mai nauyi ta kwanta a ƙasa. Ashana tana iya ci a tsayin ƙirjinka, ka sunkuya ɗaure takalmi, jiri ya ɗebe ka, ka faɗi inda ta fi muni. Abokinka ya shigo ɗauko ka, shi ma ya kwanta. Haka ake fito da gawa biyu. Wallahi masu yaɗa wannan dabara a bidiyo suna ɗaukar alhakin rayuka.

In tarihi kuke so, ku je ku ga dogon bututun Wellington da ake kira Candlestick a saman tashar jiragen ruwa. Saltom kuma ku kalle ta daga sama, don gangaren wurin yana zaftarewa. Ramin da suka gano, ku sanar da hukumar kula da tsofaffin mahaƙu ta zo ta toshe shi.