Kowa na ce min in yi haƙuri, amma barci ya ƙaurace min

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Wata uku ke nan da aka sallame ni daga aiki ba zato ba tsammani. Ban gama farfaɗowa ba sai mahaifiyata ta kwanta ciwo, ɗan abin da na tara ya tafi wajen magani. Duk wanda na kai wa kuka sai ya ce in yi haƙuri, komai mai wucewa ne. Ni kuwa da dare ba na runtsawa, da rana abu kaɗan sai ya harzuƙa ni, har maiɗakina da yara sun fara ɗari-ɗari da ni. Shin rashin haƙuri ne ke damuna? Ta yaya zan ci gaba da kyautata zato alhali ban ga mafita ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, kai kuma ya musanya maka da mafi alheri.

Ɗan'uwa, abin da ka lissafa aikin jiki ne, kada ka ɗora wa kanka laifi a kansa. Idan ƙwaƙwalwa ta hango barazana, wasu ƙananan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda sukan zuba sinadaran adrenalin da kotisol cikin jini. Zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyi su ɗaure, barci ya gudu, domin jiki ya yi shirin faɗa ko gudu. An tsara wannan ne don haɗarin da ke zuwa ya wuce cikin mintoci. Rashin aiki da jinya kuwa ba sa wucewa da wuri, shi ya sa jikinka ya kwana wata uku cikin shirin yaƙi. Saurin fushin nan daga nan ya samo asali.

Mutane da yawa sun ɗauka mai haƙuri shi ne wanda ba ya jin zafi, ko wanda ya iya ɓoye shi. Ban yarda da wannan ba. Annabi Yakubu (AS) ya yi kyakkyawan haƙuri a kan rabuwa da ɗansa Yusuf, duk da haka baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari. Inda za ka auna kanka shi ne abin da kake aikatawa a lokacin da zafin ke cin ka. Ka sayar da kadara cikin gaggawa? Ka ci bashin da ka san ba ka da hanyar biya? Ka faɗa wa wani maganar da ba ta janyuwa? In ba ka yi waɗannan ba, to kana kan hanya, ko da kana zubar da hawaye.

Batun kyautata zato kuma yana da tarko. James Stockdale, matuƙin jirgin yaƙin Amurka da aka kama a Biyetnam a 1965, ya shafe fiye da shekara bakwai a tsare kafin a sake shi a 1973. Daga baya ya bayyana cewa waɗanda suka fi karaya cikin abokan zamansa su ne masu yanka wa kansu wa'adi: za a sake mu kafin Kirsimeti, in ta wuce su ce kafin Ista. Kowane wa'adi ya zo ya wuce sai zuciya ta ƙara tsagewa. Shi kuwa ya riƙe yaƙinin zai fita, amma bai sa rana ba, kuma bai rufe ido daga munin halin da yake ciki ba. Saboda haka ka daina cewa lallai sai ka sami aiki kafin ƙarshen wata. Ranar ba a hannunka take ba.

Me ke hannunka? A 1984 masana halayyar ɗan Adam biyu, Richard Lazarus da Susan Folkman, sun bambanta hanyoyi biyu na tunkarar damuwa: gyara matsalar kanta, da kuma lallashin zuciya a kan abin da ba ya gyaruwa. Wahala takan ninku idan aka sauya musu wuri. Ɗauki takarda ka ja layi a tsakiya. A dama rubuta abin da za ka iya taɓawa gobe da safe: bin haƙƙoƙinka na sallama, kiran tsofaffin abokan aiki, zama da 'yan'uwa a raba nauyin jinyar Mama. A hagu rubuta wanda ya fi ƙarfinka, kamar yadda ciwon zai kaya. Na dama a bi shi da ƙafa, na hagu a bi shi da addu'a da hira da wanda ka amince da shi.

Ga daren kuma, ware minti 15 da yamma, kullum lokaci guda, ka zauna ka rubuta duk abin da ke cin ranka. Idan tunanin ya dawo ƙarfe biyun dare, ka ce masa an ba shi lokacinsa, sai gobe. Da farko abin zai yi maka kamar wasan yara, amma ƙwaƙwalwa tana sabawa. In barci ya ƙi zuwa, tashi daga gadon, kada ka ɗauki waya, ka riƙa jan numfashi a hankali kana fitar da shi ya fi tsawon yadda ka ja. Tafiyar ƙafa ta rabin awa da rana ma tana taimakawa ƙwarai.

Maiɗakinka kuwa, zaunar da ita ka faɗa mata gaskiyar halin da aljihu ke ciki, da abin da ke hana ka barci. Shirun maigida ya fi mummunan labari tsoratar da iyali, domin kowa sai ya cike gurbin da nasa zargin. Yara ba sa buƙatar lissafi, su dai su ji daga bakinka cewa ba su ne suka ɓata maka rai ba.

Akwai iyaka da nake so ka kula da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa idan ƙunci ko rashin jin daɗin komai ya mamaye yawancin yini, kusan kullum, har tsawon mako biyu ko fiye, ana iya zargin ciwon damuwa. Wannan ciwo ne mai magani, kuma "yi haƙuri" kaɗai ba ya warkar da shi. Tunda ka kai wata uku barci na gagararka, shawarata ka je asibiti a duba ka, a auna har da hawan jini. In kuwa tunanin cutar da kanka ya taɓa ɗarsuwa a ranka, kada ka jira wayewar gari: gaya wa na kusa da kai, ya raka ka wurin likita a ranar.